Lissafin jami'a da ilimin mantiƙi: inda gwanayen lise ke tuntuɓe, da inda bincike ya kai

Kowace shekara ana samun yaran Damagaram da suka ci bak C ko D da maki mai kyau a lissafi, su shiga jami'a da ƙarfin gwiwa, sai jarrabawar zangon farko ta fito da makin da ba su taɓa gani ba tun suna firamare. A gida a fara zargi: ko abokai ne, ko waya ce, ko ya ga babu mai tsawata masa ya saki karatu. Sau da yawa ba ko ɗaya. Yaron yana karatu, har ma fiye da da. Abin da ake nema a wurinsa ne ya canza, kuma ba kullum ake zaunar da shi a faɗa masa ba.

A lise yawancin aikin lissafawa ne: nemo limit, warware ikwasiyon, zana layin fonksiyon. Akwai hanya, ka bi ta, amsa ta fito. A jami'a kuwa kusan kowace tambaya da "nuna cewa" take farawa. An riga an ba ka amsar. Hujja ake so, wato jerin maganganun da kowace ta fito daga wadda ta gabace ta, har mai gardama ya rasa inda zai sa yatsa. Ilimin da ke faɗin abin da ya cancanci a kira hujja shi ne mantiƙi. A tsarin karatun ƙasashe masu aiki da Faransanci, darasin aljebra na shekarar farko yakan buɗe da ɗan babi kan mantiƙi da taruka, abin da ɗalibai ke kira ansambul. Ƴan makonni kaɗan an wuce shi, ɗalibai kuma su ɗauke shi share fage kafin a shiga lissafin gaske. Ni a ganina wannan babin shi ne darasin. Analiz, aljebra, topoloji, duk shekaru ukun lisans, aiki da shi ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko shi ne "idan... to". Ɗauki wannan: idan lamba tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2. Gaskiya ce. Juya ta: idan tana rabuwa da 2, to tana rabuwa da 4. Ƙarya ce, 6 ta isa shaida. Amma idan ka juya ta kuma ka kore ɓangarorin biyu, wato idan ba ta rabuwa da 2 to ba ta rabuwa da 4, ka dawo kan maganar farko cikin wata riga. Makin da ake asara a takardun ɗalibai wajen rikita waɗannan ukun ba kaɗan ba ne.

Akwai kuma ƙa'idar da ke ɓata wa kusan kowa rai ranar da ya fara jin ta: wai idan sharaɗin ƙarya ne, to maganar gaba ɗaya gaskiya ce. Ɗalibi ya haddace ta yana jin an tilasta masa. Alhali ba son zuciyar malami ba ne. Mun yarda cewa maganar rabuwa da 4 gaskiya ce ga kowace lamba. To gwada ta kan 6: sharaɗi bai cika ba, sakamako ya cika. Gwada ta kan 3: sharaɗi bai cika ba, sakamako ma bai cika ba. Idan muna so maganar ta tsaya ga dukan lambobi, dole mu ƙidaya 6 da 3 cikin waɗanda ba su karya ta ba. Abu ɗaya ne kawai zai karya ta: lambar da ke rabuwa da 4 amma ta ƙi rabuwa da 2.

Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne "ga kowane" da "akwai", musamman wanda ya riga wani zuwa. Ga kowace lamba akwai wadda ta fi ta girma: gaskiya, ƙara mata 1. Akwai lamba guda da ta fi kowace lamba girma: ƙarya. Kalmomin kusan ɗaya ne, jerin ne ya bambanta. A ta farko kana zaɓen babbar bayan ka ga ƙaramar, a ta biyu sai ka zaɓa tun kafin a nuna maka komai. Duk wahalar epsilon da delta da ɗaliban analiz ke kuka da ita a nan take. Idan aka ce fonksiyon ba ta yankewa, nufin shi ne: ga kowane wuri x, ga kowane ɗan kuskure epsilon da aka yarje maka, akwai tazara delta wadda muddin ba ka wuce ta ba daga x, sakamakon ba zai kauce fiye da epsilon ba. Delta ta zo bayan x, saboda haka tana da damar canzawa daga wuri zuwa wuri. Ɗauko "akwai delta" ka sa ta gaban "ga kowane x", sai ka sami sharaɗi mai tsanani: delta guda ta yi wa kowane wuri aiki. Fonksiyon x² a kan dukan layi ta cika na farko, ta kasa na biyu, domin kana ƙara nisa tana ƙara miƙewa tsaye. Kada ɗalibi ya ga kamar shi kaɗai abin ya kayar. Cauchy, wanda sunansa ya cika darasin analiz, ya rubuta a 1821 cewa jimillar jerin fonksiyon marasa yankewa ita ma ba ta yankewa. A 1826 Abel ya nuna misalin da bai bi wannan ba, kuma gyaran da aka yi daga baya gyaran jerin "ga kowane" da "akwai" ne.

Korewa ita ma tana da tarkonta. Kishiyar "duk ɗaliban ajin sun ci" ba "duk sun faɗi" ba ce, "akwai aƙalla ɗaya da bai ci ba" ce. Wanda ya iya kore ma'anar limit daga farko har ƙarshe ba tare da duba takarda ba, yana mai da kowane "ga kowane" zuwa "akwai" da kowane "akwai" zuwa "ga kowane", ya haye babban ɓangaren shekarar farko.

Me ya sa ake wannan tsanani? Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a lissafi gani ma bai isa ba. Euler ya lura a 1772 cewa n² + n + 41 tana ba da lamba gagara-rabo, wato wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Sa 0, ka sami 41. Sa 1, ka sami 43. Sa 2, ka sami 47. Haka za ka yi ta tafiya har 39, ba ko ɗaya da ta saɓa. A kan 40 sai ta ba da 1681, wato 41 sau 41. Misali 40 a jere ba su hana na gaba ya rushe maganar ba.

Ga yadda hujja take, da tsohuwar da Girkawa suka sani fiye da shekara 2000. Ana so a nuna cewa √2 ba ta rubutuwa a matsayin lamba bisa lamba. A ɗauka tana rubutuwa, a bisa b, kuma an rage su har babu lambar da ke raba su tare. To a² daidai yake da 2b², ke nan a² cika ce. Mara sau kanta mara take bayarwa, saboda haka a cika ce, a rubuta ta 2c. Sai 4c² ya zama 2b², wato b² daidai da 2c², ke nan b ma cika ce. Duka biyun suna rabuwa da 2, alhali mun ce an rage su. An yi tufka da warwara, don haka abin da muka ɗauka tun farko bai yiwuwa. Layi shida ne, kuma sun rufe ƙofa ga lambobi marasa iyaka waɗanda ba wanda zai taɓa gama gwada su.

Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa

Mai Ahalari da almajirai ke fara fiƙihu da shi, Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma mai Sullam, waƙar mantiƙi ta wajen baiti 140 da ya tsara a ƙarni na 16 yana ɗan shekara 21, wadda har yau ake karantawa a zaurukan manyan malamai. Kafin shi, Shehu Maghili da ya biyo ta Abzin ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya yi rubutu kan mantiƙi, har suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Misra, wanda yake ganin bai halatta a karanta shi ba, Maghili yana kare shi. Wanda ya zauna a zaure ya ji "duniya mai canzawa ce, duk mai canzawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce" ya riga ya san siffar hujja. Wannan gado ne daga Aristotal, ta hannun Farabi da Ibn Sina.

Sai dai wancan mantiƙin an gina shi ne kan maganganu irin "duk kaza kaza ne". Ba shi da cikakkiyar hanyar riƙe magana irin ta epsilon da delta, mai "ga kowane" da "akwai" a cikin juna. George Boole ɗan Ingila, a 1847 da 1854, ya mai da "da", "ko" da "ba" aljebra mai aiki da 0 da 1, wadda Claude Shannon ya nuna a 1937 cewa ita ce ta dace da tsara makunnan lantarki, tushen duk wata kwamfuta da waya. Gottlob Frege a Jamus, a 1879, shi ya kawo rubutun da ke ɗaukar "ga kowane" da "akwai" komai yawan shigarsu cikin juna. Daga nan hujja ta zama abin da za a iya rubutawa da alamomi zalla, a duba ta mataki mataki ko ba a san abin da take magana a kai ba.

A daidai wannan zamanin Georg Cantor ya taɓo abin da ya girgiza kowa. Ya ce taruka biyu girmansu ɗaya idan za a iya haɗa su ɗaya da ɗaya ba saura. Da wannan ma'auni lambobin cika yawansu ɗaya da dukan lambobin ƙirga: 1 da 2, 2 da 4, 3 da 6, haka har abada. Mutum zai zaci duk marar iyaka ɗaya ne. A 1874, sannan da hujja mafi sauƙi a 1891, Cantor ya nuna ba haka ba ne. Ɗauki dukan jerin 0 da 1 marasa ƙarewa, ka ce ka jera su: na farko, na biyu, na uku. Ni kuma in gina sabon jeri: alamata ta farko kishiyar alamar farko ta jerinka na farko, ta biyu kishiyar alama ta biyu ta jerinka na biyu, haka dai. Jerin nawa ya saɓa wa kowane naka aƙalla a wuri ɗaya, ke nan ba ya cikin lissafinka, ko yaya ka jera. Irin waɗannan jerin yawansu ɗaya da lambobin da ke kan layi, wato dukan lambobi har da masu gutsure da irin su √2, don haka lambobin layi sun fi lambobin ƙirga yawa. A riƙe wannan dabara ta gina jerin da ya saɓa wa kowane jeri a wuri ɗaya, domin ita za ta yi ta dawowa.

Ta fara dawowa a hannun Bertrand Russell a 1901. Idan kowace siffa tana ba da tari, to akwai tarin dukan tarukan da ba sa cikin kansu. Shi wannan yana cikin kansa? In yana ciki, siffarsa ta ce ba ya ciki. In ba ya ciki, ya cika sharaɗin shiga. Russell ya rubuta wa Frege wasiƙa a 1902, lokacin juzu'i na biyu na babban aikin Frege yana wurin ɗab'i, kuma tsarin nasa ya faɗa cikin wannan rami. Maganin da aka samo shi ne a daina cewa kowace siffa tana ba da tari, a rubuta ƴan ginshiƙai da ke faɗin yadda ake gina taruka. Zermelo ya yi hakan a 1908, Fraenkel da Skolem suka ƙara a 1922. Tsarin da ya fito, ZFC, shi ne har yau mafi yawan masana lissafi ke tsaye a kai, ko da ba su cika ambatonsa ba.

Abin da Gödel ya nuna, da abin da bai nuna ba

David Hilbert ya so a kashe wannan fargaba gaba ɗaya. Burinsa a sami ginshiƙan da za su tabbatar ko su kore kowace maganar lissafi, a kuma kawo hujja, da hanyoyi masu sauƙi da ba mai musu, cewa ba za su taɓa kai mutum ga tufka da warwara ba. A watan Satumba na 1930, a garin Königsberg, ya rufe jawabinsa da cewa dole mu sani, kuma za mu sani. Kwana ɗaya kafin nan, a wani taro cikin garin, wani saurayi ɗan shekara 24 daga Viyana, Kurt Gödel, ya riga ya faɗi sakamakon da ya rushe burin. An buga shi a 1931.

Dabararsa ta farko ba za ta yi wa wanda ya san hisabin abajada wuyar fahimta ba, inda alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4. Gödel ma ya ba kowace alamar lissafi lamba. Bambancin shi ne a hisabi tarawa ake yi, kuma kalmomi dabam-dabam kan ba da jimilla ɗaya, ba ka iya komawa daga jimilla zuwa kalma. Shi kuwa ya yi aiki da lambobi gagara-rabo. Idan alamomin magana lambobinsu 3, 1, 2 ne, sai a ɗauki 2³ × 3¹ × 5², a sami 600. Tunda hanya ɗaya ce tak ake farfasa 600 zuwa gagara-rabo, daga ita za ka dawo da 3, 1, 2 a jerensu. Ke nan kowace magana lamba ce, kowace hujja ma lamba ce, kuma "wannan hujja ce ta wancan magana" ya zama dangantaka tsakanin lambobi biyu, wadda ilimin lambobi da kansa zai iya furtawa.

Sannan ya gina magana, a kira ta G, wadda idan aka warware lambobinta cewa take: G ba ta da hujja a wannan tsari. Idan tsarin ya tabbatar da ita, ya faɗa cikin tufka da warwara. Idan kuwa tsarin lafiyayye ne, to bai tabbatar da ita ba, kuma abin da ta faɗa ke nan, don haka gaskiya ce. Kishiyarta ma ba za ta tabbatu ba muddin tsarin ba ya tabbatar da ƙarya kan lambobi, sharaɗin da Rosser ya sassauta a 1936. Ka ƙara G cikin ginshiƙai, sabon tsarin ya haifi tasa G. Sakamako na biyu ya fi zafi ga Hilbert: irin wannan tsari ba zai iya tabbatar da cewa shi kansa ba shi da tufka da warwara ba.

Ana yawan jin masu cewa Gödel ya nuna lissafi ba shi da tabbas, ko babu gaskiya tsayayya. Wannan magana tana damuna, domin tana kashe wa yara gwiwa a kan abin da ba haka yake ba. Hujjar √2 tana nan daram. Aikin Gödel shi kansa hujja ce mai tsauri, kuma yana da sharuɗɗa: ginshiƙan su zama waɗanda na'ura za ta iya jerawa, tsarin kuma ya ƙunshi tarawa da ninkawa na lambobin ƙirga. Cire ninkawa, labari ya canza: Presburger ya nuna a 1929 cewa ilimin lambobi mai tarawa kaɗai cikakke ne, kowace tambaya a cikinsa tana da amsa. Tarski ya nuna haka ga jometirin firamare da aljebrar lambobin layi. Gödel ɗin ma, a aikin doktorarsa na 1929, kishiyar labarin ya fara kawowa: duk maganar da ta zama dole daga ginshiƙai tana da hujja cikin ƙa'idojin mantiƙi. Abin da ya gaza shi ne jerin ginshiƙai guda ya kame dukan gaskiyar lambobi.

Mai gardama zai ce G ƙirƙirarriya ce, ba tambayar da mai lissafi zai yi da kansa ba. To ga wadda za a gwada da fensir. Ɗauki 4, rubuta ta da tushe 2 zalla: 2². Mai da kowane 2 ya zama 3, ka cire 1: 3³ − 1, wato 26. Rubuta 26 da tushe 3: 2×3² + 2×3 + 2. Mai da tushen ya zama 4, cire 1, ka sami 41. Ci gaba: 60, 83, 109, 139. Goodstein ya nuna a 1944 cewa ko da wace lamba ka fara, jerin sai ya dawo 0. Da 3 abin ba ya daɗewa: 3, 3, 3, 2, 1, 0. Da 4 kuwa yawan matakan lamba ce mai alƙaluma fiye da miliyan 121. A 1982 Kirby da Paris suka nuna cewa ginshiƙan Peano, waɗanda ake gina lambobin ƙirga a kansu, ba za su iya tabbatar da wannan magana ba. Sai an hau zuwa lambobin Cantor marasa iyaka ake samun hujjarta. Wannan misali ya fi kowane burge ni, domin magana ce kan ƙananan lambobi da yaron firamare ya sani, amma tabbatar da ita sai an fita daga cikinsu.

Sauran suka biyo baya. A 1936 Alan Turing, da Alonzo Church a nasa ɓangaren, suka bayyana abin da ake nufi da lissafuwa ta na'ura tun babu kwamfuta, kuma da waccan dabarar Cantor aka gane cewa babu manhaja guda da za ta duba kowace manhaja ta faɗa ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyawa. Tambaya ta 10 cikin 23 da Hilbert ya gabatar a 1900, ta neman hanya guda ta gane ko ikwasiyon yana da amsa cikin cikakkun lambobi, ta sami amsar "babu" a 1970 daga Matiyasevich, bisa aikin Julia Robinson, Martin Davis da Hilary Putnam. Tambaya ta 1 kuma, ko akwai wani girma tsakanin na lambobin ƙirga da na lambobin layi, Gödel ya nuna a 1938 cewa ZFC ba ya tabbatar da akwai, Paul Cohen ya nuna a 1963 cewa ba ya tabbatar da babu.

Binciken yau, da hanyar ɗan Damagaram zuwa gare shi

An saba raba fagen gida huɗu: nazarin taruka, nazarin hujja, nazarin abin da ke lissafuwa, da nazarin samfura, wanda ke duba dukan duniyoyin da wasu ginshiƙai ke cika a cikinsu. Wannan na ƙarshe ya daina zama a gefe tun da Hrushovski ya yi aiki da shi a 1996 ya warware wata tsohuwar tambaya ta jometirin aljebra. Tambayar P da NP, ko duk abin da ake saurin duba amsarsa ana saurin samo ta, tana nan a buɗe tun aikin Cook na 1971, da ladan dala miliyan 1 da Cibiyar Clay ta sa a 2000.

Ƙofar da na fi so ƙannenmu su duba ita ce ta manhajojin duba hujja. Ka rubuta hujjarka da harshen na'ura, ita kuma ta ƙi wucewa sai kowane mataki ya cika. Da Coq, wadda aka gina a Faransa, Georges Gonthier ya kammala duba hujjar launuka huɗu na taswira a 2005. A ƙarshen 2020 Peter Scholze, mai lambar yabo ta Fields, babbar kyautar masana lissafi, ya nemi a duba masa wata hujjarsa da shi kansa bai gama natsuwa da ita ba, masu aiki da wata manhajar duba hujja, Lean, suka kammala a 2022. Lean kyauta ce, babbar taskarta mathlib ma kyauta, kuma ɗalibai daga ƙasashe da yawa suna sa hannu a cikinta. Akwai wasan koyo na Lean da ake buɗewa a intanet, wanda ke farawa da tabbatar da 2 + 2 = 4 daga ginshiƙan Peano. Aikin kuma ba na takarda kaɗai ba ne: manhajar jirgin ƙasa marar direba na layi na 14 a Paris, da aka buɗe a 1998, da hanyar hujja aka tabbatar da muhimman sassanta, kuma ɗakunan adana bayanai na bankuna da kamfanonin waya a kan mantiƙin "ga kowane" da "akwai" tambayoyinsu ke tafiya.

Wanda ke karatu a Jami'ar André Salifou a nan gida, ko Abdou Moumouni a Yamai, yana cikin tsarin lisans shekara 3, masta 2, doktora 3. Ƙwarewa a mantiƙi a masta take farawa, kuma ba a shiga ta hannu rabbana: sai da aljebra mai ƙarfi, topoloji, da iya rubuta manhaja. A Paris akwai masta da aka keɓe wa mantiƙin lissafi da tushen ilimin kwamfuta. Cibiyar AIMS, da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Sanagal, Gana, Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin ɗaliban da ta zaɓa. Ba ta mantiƙi kaɗai ba ce, amma wuri ne na haɗuwa da malaman da za su iya jagorantar doktora, kuma samun jagora shi ne mafi wuyar al'amarin, ya fi kuɗin intanet da ɗaukewar wuta. Ingilishi ma dole ne, tunda da shi ake rubuta mafi yawan binciken da ake sawa kyauta a arXiv, shafin intanet da masana ke ajiye takardunsu.

Duk wannan yana gaba. Abin da ɗalibin shekarar farko zai fara a wannan makon shi ne ya daina haddace hujjojin da ke cikin takardun malami. Ya karanta maganar, ya rufe takarda, ya gwada da kansa, sai ya maƙale sannan ya leƙa layi ɗaya. Su haɗu su uku, ɗaya a allo, biyu ba su da aiki sai tambayar "wannan daga ina ya fito?" a kowane layi. Za su iya farawa da √3: su bi sawun hujjar √2, su gano abin da zai maye gurbin cika da mara. In sun gama, su gwada hanyar a kan √4, wadda kowa ya san 2 ce, su nemo ainihin layin da hujjar ta karye a kansa, su kuma rubuta dalilin karyewar.